Zangon Maniyyata

Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, da ƙafa maniyyatanmu suke ratsa Barno da Wadai da Darfur, har su kai Sawakin, bakin Bahar Maliya. Kakana yana cikinsu. Duk tsawon hanyar nan, wurin da ya fi ambata shi ne wani zango tsakanin Abeshe da Junaina: bukkokin kara, rijiya guda, tabarmin kaba, sai wata tsohuwa mai dama wa baƙi kunu. A nan guzurinsa ya ƙare, ya yi damina biyu yana ƙwadago. Wasu abokan tafiyarsa a nan suka yi aure, a nan aka binne su. Shi ya sa in malamai suka ce duniya zango ce, bukkokin nan nake hangowa.