Tankin Fetur A Bayan Kujerar Direba

A Amurka akwai wani rukunin mutane da ba abin da ke burge su kamar tsofaffin motocin akori-kura. Suna neman su a ƙauyuka da gonaki, su saye su da tsatsarsu, su shafe shekaru suna gyarawa. Daga cikin waɗanda suka fi daraja a wurinsu akwai Chevrolet C10 da kamfanin General Motors ya ƙera tsakanin 1967 da 1972. Masu wannan sha'awa sun kasu gida biyu. Wasu na ganin ko ƙusa ɗaya aka canja an zubar wa mota mutunci, wasu kuma na ganin mota ta hawa ce, duk abin da zai sa ta yi aiki lafiya a yi shi. Ban san zafin wannan muhawara ba sai da na sayi ƙirar 1971 a birnin Houston na jihar Texas, inda nake zaune.

Abin da ya jefa ni cikinta shi ne tankin mai. A waɗannan motoci, tankin yana cikin kan mota ne, a tsaye a bayan kujerar da direba da fasinja ke zama. Yana cin kusan galan 20 na Amurka, wato lita 75 da ɗoriya. Bakin zuba man yana jikin kan motar, daura da ƙofar direba. Idan ka taka burki kana jin fetur yana tangaɗi a bayanka, idan rana ta take, kamar yadda take yi a Texas, warinsa ya cika maka hanci. Gajeren tiyon roba ne ya haɗa bakin da tankin, kuma roba mai shekara hamsin ba ta rasa tsaguwa. A wannan kujera ce 'yata ke zama idan zan kai ta makaranta.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi rayuwarsa cikin irin waɗannan motoci, ya ce kada in taɓa. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce kan mota shi ne wuri mafi ƙarfi, ruwa da laka ba sa kai wa ga tankin, kuma masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda aka bari yadda ta fito daga kamfani. Sannan ya tuna mini abin da ya faru lokacin da shi kansa kamfanin ya fitar da tankin waje.

Labarin ya cancanci a maimaita. A 1973 General Motors ya cire tankin daga kan mota, ya rataye shi a gefe, a wajen manyan ƙarafa biyu na shasi, inda ba abin da ya raba shi da motar da za ta bugo ta gefe sai falle ɗaya na ƙarfen bodi. Haka aka ci gaba da ƙera su har 1987. Ƙararraki suka yi yawa a kotuna a kan gobarar da ke biyo bayan haɗari. A watan Nuwamban 1992 gidan talabijin na NBC ya nuna gwajin da motar ta kama wuta, daga baya aka gano an ɗaura mata abin tayar da wuta, sai gidan ya nemi afuwa a Fabrairun 1993. Duk da haka, a shekarar ce hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar ta nemi kamfanin ya janye motocin don gyara, ya ƙi. A Disambar 1994 aka yi sulhu, kamfanin ya amince ya kashe dala miliyan 51 a kan ayyukan kiyaye haɗura. Sabuwar ƙirar 1988 kuwa tuni ta mayar da tankin tsakanin ƙarafan shasi.

Maƙwabcina ya ɗauki wannan labari hujjar a bar tanki inda yake. Ni kuwa darasin da na gani daban ne: kawar da haɗari daga gaban ido ba shi ne kawar da shi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tambayar da ta dace ita ce, ina za a ajiye man, me zai kare shi, ta wace hanya zai bi ya isa inji?

Wurin da masu wannan gyara suka fi amincewa da shi shi ne ƙarƙashin bodi, tsakanin ƙarafan shasi, bayan tayoyin baya, inda tayar ko-ta-kwana ke rataye. Nan muka sa sabon tanki, ni da wani bakanike da ya san aikin, tayar ta koma cikin bodi. Shi ma wannan wuri yana da nasa sharaɗi, domin bugun baya na iya matse tanki. Abin da ya sa kamfanin Ford ya janye ƙananan motocinsa na Pinto kusan miliyan ɗaya da rabi a 1978 ke nan. Saboda haka muka bar tazara tsakanin tankin da bamba, muka ƙarfafa ƙarfen da ya gitta a bayansa, muka kawar da duk wani noti mai tsini da ke fuskantarsa.

Daga nan na fahimci cewa ɗauke tanki shi ne mafi sauƙin aikin. Sauran yana cikin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Bututun mai ya zama na ƙarfe, ya bi jikin shasi ta ɓangaren da salansa ba ta bi ba, a ɗaure shi wuri-wuri don kada girgiza ta goge shi. Roba sai gajera a mahaɗa, ita ma irin wadda ke jure fetur na zamani, domin yawancin fetur da ake sayarwa a Amurka yanzu kashi 10 cikin 100 nasa sinadarin itanol ne, wanda ke cin tsohuwar roba, yana kuma jawo laima cikin tanki. Dole tanki ya sami hanyar shaƙar iska, amma da makullin da ke toshewa da kansa idan mota ta kife. Hatta na'urar da ke auna mai sai ta dace da gejin motar, in ba haka ba allura ta riƙa yi maka ƙarya.

Batun famfo ya fi ba ni tunani. Famfon asali a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, idan inji ya mutu shi ma ya tsaya. Famfon lantarki da ake yayi yanzu ya fi iya turawa a kan jawowa, shi ya sa ake sa shi cikin tanki ko kusa da shi, yana kuma rage matsalar fetur da ke zama tururi a bututu lokacin zafi. Sai dai shi bai san an yi haɗari ba. Muddin makulli na kunne zai ci gaba da feso mai, ko da bututu ya tsinke, sai in an haɗa shi da abin da ke yanke wuta idan an yi karo ko inji ya tsaya. Ga kuma bambancin ƙarfi: kafireto ba ya son abin da ya wuce 5 zuwa 7 a ma'aunin psi, injin zamani mai feshin mai kuwa yana neman 40 zuwa 60. Wanda ya haɗa su barkatai ya yi wa injinsa wanka da fetur. Ni na bar famfon asali, tunda kafireto nake amfani da shi, kuma ba kowane sabon abu ne ci gaba ba. Tsohon tankin kuwa ba mu kusance shi da wuta ba, domin tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa.

Duk wanda ya taso a Arewa ya san wannan batu bai tsaya a Amurka ba. Mun sha ganin tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot a hanyar kasuwar ƙauye, famfonta ya mutu, an ɗora galan a rufi ko a gefen direba, an jawo tiyo zuwa inji, ga mutane maƙil a baya. Muna kiran wannan dabara, alhali caca ce da rayuka. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma jama'a suka karkata ga iskar gas, tambayar ta dawo da sabuwar fuska: tukunyar da ke riƙe da matsi mai tsanani, wa ya ƙera ta, wa ya ɗaura ta, a ina aka ajiye ta?

Motata ta rasa wani abu a idon masu son asali, na kuma yarda da wannan asara. Fentinta, kujerarta da ƙarar injinta suna nan yadda suke a 1971. Abin da na canja shi ne abin da waɗanda suka ƙera ta ma suka daina yi bayan shekara biyu. Girmama abin da muka gada ba ya nufin riƙe kuskuren da ke cikinsa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai tsohuwar mota, a Houston yake ko a Funtuwa, ya leƙa ƙarƙashinta ya bi hanyar man da ido daga tanki har inji. Wannan duba ba ya cin ko kwabo.