Injin da Ba Ya Son Wanka

Duk motar da ta yi hunturu ɗaya a Sanyinna, in ka ɗaga bonet ɗinta za ka ga shekarar a rubuce. Ƙurar da iskar arewa take kwasowa tun daga Disamba takan kwanta a kan kowane tiyo da kowace waya. Inda baƙin mai ya ɗan tsattsafo, sai ƙurar ta manne ta yi kauri kamar yaɓen ɗaki. A lunguna kuma ga ƙaiƙayin gero da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara tun kaka, don ya samu wuri mai ɗumi. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, duk wannan tarkacen yana zaune ne a jikin ƙarfen da shi ma yake ci da nasa zafin.

Saboda haka babu mai musu a gidanmu cewa inji yana son tsafta. Gardamar a kan yadda za a yi ne, kuma ta raba gidan biyu: iyayenmu a gefe ɗaya, mu a ɗaya gefen.

Iyayenmu a jikin Peugeot 504 suka koyi mota, wadda kowa yake kira Fijo, irin da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Kawunmu ya yi shekaru yana jan ta tsakanin Sakkwato da Tambuwal da Jega. Wankin injinta ba wani abu ba ne a wajensa: a shafa kalanzir da buroshi, a bi da omo, a sheƙa bokiti uku. In ta ƙi tashi, a buɗe murfin distiributa, a goge da tsumma, a bar shi ya sha rana, shi ke nan. Wayoyin da ke cikinta kana iya bin su da ido tun daga batir har inda suka ƙare. Kawu bai yi kuskure ba. Motarsa ta yarda da wannan wankan, kuma ta daɗe a kansa.

Motar da ke gidan yanzu Corolla ce 'yar Kwatano, wadda ta gama ƙuruciyarta a ƙasar wasu kafin ta iso mana. Daga waje mota ce kamar kowace. A ciki kuwa akwai kwamfuta, wadda kanikawa suke kira birenbos. Ita take yanke yawan fetur ɗin da za a fesa da lokacin da falogi zai ba da wuta, kuma ba da ka take yi ba. Tana sauraren ƙananan na'urori ne da aka dasa a jikin injin: wannan tana auna iskar da ke shiga, waccan tana auna zafin ruwa, wata tana ƙirga juyawar injin, wata tana shinshinar hayaƙi. Da yawansu da wutar da ba ta wuce bolt 5 ba suke magana. Ɗan tsatsa kaɗan a bakin soket ya isa ya canza abin da suke faɗa.

Mu da abincinmu yake cikin rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Kwamfuta ba ta gane an yi mata ƙarya. In aka ba ta lissafin banza, za ta yi aiki da shi tsakani da Allah. Kuma matsalar da ta fi cin rai ba wadda take kashe abu nan take ba ce, a'a, mai zuwa yau ta ɓace gobe ce. Ruwan da ya shiga soket haka yake. Ranar wankin mota za ta iya tashi lafiya lau. Sai bayan makonni, lokacin da tagullar ciki ta yi kore, ta fara mutuwa a tsaye ko ta riƙa shan mai fiye da ƙima, kuma babu wanda zai tuna da wankin.

Soket ɗin suna da zoben roba da ke tare ruwa, amma an yi su ne don fantsamar ruwan sama da na kududdufi. Tayar mota iskar 32 ko kusa da haka ake ba ta a ma'aunin masu faci. Injin wankin da ake gani a bakin titi yana harba ruwa da ƙarfin da ya wuce 1,000 a wannan ma'aunin. Ga shi robar ta shekara goma sha biyar ko ashirin, zafin ƙasarmu ya busar da ita. Ba ta da yadda za ta yi.

Mun ga hakan a motar ɗan baffanmu, saura kwana biyu Babbar Sallah. Ya dawo daga tafiya, injin da zafinsa, ya tsaya a wani wurin wanki ya ce a haɗa da ciki. Aka wanke ta tas, tana ƙyalli kamar sabuwa. Kafin ya iso ƙofar gida ta fara tari, tana jijjiga, fitilar inji ta kama a gaban direba. Ruwa ya taru a ramukan falogi, koyil ya tafi. Sai da aka kai ta Sakkwato aka jona mata na'urar bincike, a wannan ƙaramin soket da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai kuma ta bi baya a motocin fetur daga 2001. Kuɗin da ya ware don hidimar Sallar yara, a can ya bar rabinsu. Ya ma yi sa'a ruwan bai bi ta bakin iska ya shiga cikin injin ba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika silinda fistin ya taso, sandar da ke tura shi ce take lanƙwashewa, daga nan kuma zancen sauke inji ake yi.

A birni wannan asarar kuɗi ce kawai. A nan ta wuce haka. Mota ɗaya ce a gida mai ɗakuna da yawa, kuma ba ta gidan kaɗai ba ce. Ita ake bugo wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta yi tsanani, ko zazzaɓi ya sa yaro ya fara shiɗewa. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da mota takan yi wata a jingine don abu ɗan ƙarami. Wata guda ba mota a unguwa ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa muka karɓi aikin a hannunmu, kuma ga yadda muke yi.

Da safe muke farawa, bayan motar ta kwana ba a tayar ba. Ƙarfen da hayaƙi yake fita ta cikinsa yakan kai ɗaruruwan digiri, in ruwan sanyi ya same shi a haka yana iya tsagewa, hannu ma ba zai ji daɗi ba. Makulli yana aljihu, domin fankar lagireto ta wasu motocin takan tashi da kanta ko da an kashe inji. Mukan cire agogo da zobe, mu ɗauki sifana mai lamba 10 mu kwance kan batir na debewa, wato baƙin, shi kaɗai, mu kautar da wayar gefe. Dalilin fara da shi: jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da wannan kan. In ka fara da jan, sifanar ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona yatsa. Mai motar da rediyonta ke neman lambar sirri bayan an cire batir, ya tabbata yana da lambar tukuna.

Rabin aikin a bushe ake yin sa. Da hannu muke kwashe ƙaiƙayi da ganye da sheƙar ɓera, musamman a ƙasan gilashin gaba inda ramukan zubar ruwa sukan toshe. Sai buroshin fenti mai laushi ya bi wayoyi da lunguna. Wanda ya tsaya a nan ma ya yi abin kirki.

Sannan leda. Mukan rufe altaneta, da akwatin fiyus, da bakin da iska ke shiga iyakilina, da koyil-koyil ɗin da ke saman injin, da birenbos in a nan gaba yake, mu ɗaure kowace da roba. Muna ƙirga ledojin da ƙarfi kowa ya ji, don wadda aka manta a jikin ƙarfe mai zafi narkewa za ta yi.

Sabulun wanke-wanke na ruwa muke ɗigawa a ruwa mai ɗan ɗumi, mu jiƙa tsumma da tsohon buroshin haƙori, mu bi wuraren maiƙo ɗaya bayan ɗaya. Ba ma bari ya taɓa fanbel. Ɗauraya kuma da buta ce, a tsiyaya kaɗan daidai inda aka goge, a bi da busasshen tsumma. Ranar da Kawu ya fara ganin haka, ya daɗe yana kallo daga kan tabarmarsa a gindin dogon yaro, sannan ya ce, “Yaran ga, wanga ai ba wanka na ba, alwala ta.” Muka ce, “Kawu, ita ta fi dacewa da ita.” Har yau sunan aikin ke nan a gidan.

Fetur kam ba ya zuwa kusa. Tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasa yake rarrafe, kuma gidanmu gida ne da ba a rasa garwashi a murhu ko yaro ɗauke da wuta daga wannan sashe zuwa wancan. Ban da haka, shi da kalanzir suna cin roba. Haka nan ba ma shafa baƙin mai ko man gas a jikin tiyo don ya yi ƙyalli, kamar yadda wasu masu wanki suke yi. Ƙyallin kwana biyu ne, bayansa ƙura ce ninki biyu.

Farin garin nan mai ɗan shuɗi da ke taruwa a kan batir kuwa, maganinsa yana madafin Inna. Ruwan batir asid ne, kanwa kuma kishiyarsa ce. Ɗan jiƙon kanwa a buroshi yakan sa shi ya yi kumfa ya saki. A kan batir ɗin kaɗai muke sa shi, ba ma bari ya shiga ramukan batir ko ya zuba a jikin alminiyam, kuma muna kare ido da hannu.

Ruwan daɗin da ya sauko ma ba a barin sa ya bi rariya. Mukan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar mu zuba yashi, ya shanye, a kwashe a kai nesa da rijiya da turken awaki. Ruwan da aka wanke maiƙon inji da shi, kaza ba ta san bambancinsa da na sha ba.

Daga nan sai haƙuri. Bonet a buɗe awa biyu ko uku, iskar ƙasar nan ba ta wasa da danshi. A cire ledoji a ƙirga su cika, a mayar da kan batir a ɗaure, a tayar, a bar ta tana aiki a tsaye kamar minti 15. Wani lokaci takan ɗan yi rawa da farko, domin kwamfutar ta manta abin da ta saba da shi lokacin da aka yanke mata wuta. In an ɗan zaga da ita sai ta daidaita. Sau biyu a shekara ya ishe mu: bayan an gama shigo da amfanin gona, da kuma ƙarshen hunturu.

Babu baƙon da zai ɗaga bonet ya yaba, ba don haka ake yi ba. Inji mai tsafta karantuwa yake. A jikin datti, sabon yoyo da tsoho duk kamanninsu ɗaya. A jikin ƙarfe mai haske kuwa, ɗigo ɗaya yana nuna daga inda ya fito. Mako guda bayan wankin bara muka ga wani siririn layi mai danshi a wuyan tiyon lagireto na sama, robar ta fara tsagewa a gindin abin ɗaurin. Aka canza shi a gari da kuɗi kaɗan. Da a hanyar Sakkwato ya fashe da tsakar rana a watan Afrilu, da gaskit ake magana, ko abin da ya fi shi. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba ma sakin jiki da injin da ke ƙyalli a wajen dillalai. Can an wanke ne don a share labarin. In za mu duba mota, mun fi so a bar mana ita da ƙurarta.

Mun sayi 'yar ƙaramar na'urar binciken nan da ake jonawa da waya, tana nuna mana lambobin da kwamfutar motar ta ajiye. Wannan karon bayan an gama, mun jona ta, ba ta nuna komai ba. Muna shirin rufe bonet sai Kawu ya taso, ya ce a bar ta tana aiki. Ya sunkuya, ya karkata kai, ya yi shiru na ɗan lokaci.

“Mi na'urar taku tac ce?”

“Ta ce lafiya lau, Kawu.”

“To ku sawo fanbel kahin damana. Wanga kukan ba na lahiya na ba.”

Muka kashe injin muka haska bel ɗin da fitilar waya. Cikinsa duk ƙananan tsagu ne, sai an matsa shi da yatsa suke buɗewa. Ranar kasuwa muka aika aka sayo.