Amfanin Gona: Rumbu Ya Cika, Aljihu Wayam

A kakar 2025 na je ganin gida, wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, na tarar da mahaifina zaune a zaure, buhunan masara jibge a bayansa. Na durƙusa na ce, “Baba, barka da arziki, bana gona ta yi albarka.” Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, “Gona ta biya, ɗan nan. Kasuwa ce ta hana.”

Maganar ta tsaya mini a rai, domin da kuɗin masarar nan aka biya mini karatu har digiri na biyu. A matsayina na mai nazarin harshe kuwa, sai na lura cewa kalmar “amfani” tana ɗauke da ma’ana biyu a bakin Bahaushe: abin da aka girbe, da kuma moriyar da aka samu. A zamanin da noma yake na ci ne, da taki daga turke da aikin gayya, ma’anonin biyu ba su cika saɓawa ba. A yau sun raba hanya.

Masara ta bunƙasa a yankinmu ne bayan shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Shirin ya yaɗa ingantaccen iri da takin zamani mai rangwame, a daidai lokacin da fari da annoba suka durƙusar da gyaɗa. Yabanya ta ƙaru, amma manomi ya ɗauru ga abin da sai ya saya. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin taki da huɗa da sufuri suka hau. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu nau’o’in hatsi na wani lokaci, daga bisani farashin masara ya sauko. Mai saye a birni ya sami sauƙi; mai bashin taki kuwa tilas ya sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha.

Kafin in dawo, Baba ya shaida mini cewa zai rage masara ya ƙara dawa da waken suya, domin ba su cin taki kamarta. Ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Abin da na gane shi ne, duk binciken da ya ƙirga buhu bai ƙirga abin da ya rage a hannun manomi ba, rabin ma’anar “amfani” kaɗai ya fahimta.