Tsofaffin Gingimari A Hanyar Ikorodu

Wanda ya tashi daga Agege, tsohon zangon fataken goro na Hausawa a Ikko, ya nufi Ikorodu, zai ratsa Ikeja ya faɗa babban titi a Ojota, ya miƙe ta Ketu har kasuwar Mil 12. A nan ne manyan motoci daga Kano da Katsina da Sakkwato ke sauke tumatir da albasa da tattasai, bayan tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. In mai karatu ya tsaya ya ƙare musu kallo, zai ga a tsakanin dogayen tireloli akwai waɗansu masu gajeren hanci da zagayayyen goshi, an ɗora musu bodin katako mai zane-zane. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Wannan ita ce Mercedes-Benz 911, wadda mutanen Ikko ke kira da lambarta, Hausawa kuwa su ce roka. Kamfanin ya fara ƙera irin waɗannan masu gajeren hanci a Jamus a 1959, ya kuma ci gaba da yin su domin ƙasashen waje har 1995. Daga farkon shekarun 1980 an riƙa harhaɗa manyan motocin Mercedes a masana'antar ANAMMCO ta Enugu. Akwai samfurin da ƙafafunsa huɗu duk ke ja, watau LA 911, wanda aka yi domin soja da 'yan kwana-kwana da masu aikin daji. Kafin ita, Bedford ta Ingila ce sarauniyar hanya. Samfurinta na RL shi ne jakin sojan Ingila tun daga 1953, kuma sojan Nijeriya ya gaji motocin Bedford da Land Rover daga Turawa.

Dangantakar soja da tuƙin babbar mota a ƙasar nan tsohuwa ce. Mazan jiya da su ka dawo daga Bama bayan 1945, akwai da dama cikinsu da su ka koyo tuƙi da kanikanci a bariki, su ka shiga sufuri da shi. Haka ya sake faruwa bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura ta kai kusan 250,000. Motar soja kuwa in ta gama aikinta aka yi gwanjonta, ba hutu ta ke samu ba. A kan shafe koren fentin, a kira kafinta ya yi mata bodi, a rubuta mata addu'a ko kirari a goshi, ta koma dakon buhu.

Ƙetare Mil 12 kaɗan sai Owode Onirin. Da Yarabanci sunan na nufin Owode ta masu ƙarfe, kuma ba a yi ƙarya ba. Nan ne asibitin tsofaffin motoci, nan ne kuma mahautarsu. Injuna a jere a ƙasa an rufe su da buhu, akwatunan giya, gatarin ƙafa, lagireto, da damman sifirin an jingine kamar itacen girki. Mota ɗaya in ta mutu a nan, sai ta raya biyar a wani wuri.

Dalilin da ya sa roka ta ƙi mutuwa yana ƙarƙashin murfin hancinta. Injinta, wanda a ke kira OM 352, mai silinda 6 ne, girmansa lita 5.7, ƙarfinsa kuwa wajen doki 130. Ba wani ƙarfin a zo a gani ba ne, kuma duk wanda ya taɓa bin bayanta a hawan tudu ya san haka. Amma babu kwamfuta a cikinta ko ɗaya. Famfon da ke tura man gas da juyin injin ya ke aiki, saboda haka makanike mai kunne ya kan gane ciwonta daga ƙararta. In hayaƙi ya yi baƙi, sai a duba nozul da famfo. In ya yi shuɗi tana shan baƙin mai, ringi ne ya gaji, sai a sauke injin, a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su sāke fafe ramin silinda, su goge karanshaf, a sa sabon fistan. Sifirin da ya kwanta, maƙeri ya kan buge shi ya maido masa da gantsarwarsa. Abin da ya fi ba su wuya shi ne tsatsa, domin iskar bakin ruwa mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Mai walda zai yanke ruɓaɓɓen gindin ƙofa ya ɗinka sabo sau nawa ma, amma ranar da shasi ya tsage a wurin da nauyi ke sauka, masu gaskiya cikin makanikai su kan ce wa mai mota ya haƙura.

A Ingila da Jamus akwai masu sha'awa da ke sayen irin waɗannan motoci, su shekara suna neman fentin asali da fitilar asali, domin su fita da su baje koli ranar hutu. A hanyar Ikorodu ba a san wannan ba. Gyara a nan domin kaya ne, kuma ba mai damuwa in fitilar wata mota ce daban aka ɗaura. Sai dai a faɗi gaskiya: wannan ƙwarewa tana da nata aibin. Motar da aka yi domin matsakaicin kaya a kan lafta mata abin da ya wuce ƙima, kuma birki shi ne abin da mai mota ya fi jinkirin kashe wa kuɗi, alhali kuwa a kansa rayukan mutane su ke.

Daga Owode titin ya ratsa fadamar Majidun ya shiga Ikorodu, garin Ayangburen, a gefen tafkin Ikko. Hausawa na da tasu Sabo a nan, da kasuwa da masallatai. Daga tsakiyar gari hanya ta yi arewa zuwa Shagamu, wata cibiyar goro, kuma kafin a buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978 ta nan motocin Arewa da yawa ke bi. A kan wannan hanya ne Odogunyan ta ke, inda barikin soja ke maƙwabtaka da masana'antun narka ƙarfe, sa'an nan gaba kaɗan Ogijo ta Jihar Ogun, inda tanderun su ka fi yawa. 'Yan gwangwan, waɗanda akasarinsu samarin Arewa ne, su ke tara musu abin narkawa.

To, a nan lissafin ya ke. Mai tsohuwar mota yana da farashi biyu a gabansa: abin da makanike zai ci kafin ta tashi, da abin da sikeli zai nuna in an yanka ta. Kowace shekara kayan gyara na asali suna ƙara wuya, man gas ya yi tsada, motocin ƙasar Sin irin su Howo kuma sun cika hanya suna ɗaukar ninkin kayanta. Molue, doguwar bas ɗin Ikko da aka riƙa ginawa a kan shasin 911, an hana ta shiga tsibirin Ikko tun 2013, yanzu kuwa sai an tona a ga ɗaya. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya adana motocin sulke na yaƙin basasa, har da waɗanda Biyafara ta ƙera da hannu, amma motar da ta yi dakon soja da hatsi ba ta cika samun wannan gata ba.

Wadda sikeli ya ci, masu wutar yanka su kan gama da ita cikin yini guda. A ware injin da akwatin giya a mai da su Owode, a sayar da katakon ga masu abinci, sauran a tura tanderu. Bayan 'yan kwanaki ta fito a matsayin rodin gini, a ɗaure dami-dami, a loda wa wata roka ta kai shi wurin masu gini a Ijede ko Igbogbo.