Wadda Iya ta fi tsine wa

A gidanmu na Haɗeja babu wadda ta sha tsinuwa a bakin kakata kamar Adama matar Kamaye. Ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma za su haɗu ba, tunda garin da Adama take, wato Daɗin Kowa, a cikin akwatin talabijin yake. Amma duk daren Asabar sai Iya ta shimfiɗa tabarmarta kusa da akwatin, ta ɓare goro, ta zauna jiranta kamar mai jiran kishiya.

A 2015 aka fara nuna shirin a tashar Arewa24, shekara ɗaya bayan buɗe tashar. A kakar shinkafar wannan shekara Baba ya sayar da buhu biyu, ya sayo dikoda da farantin setilayit, aka kafa a kan katangar zaure. Ni aka ɗora wa aikin janareto. Mun yini a fadama muna korar jan-baki, murya ta dushe, ƙafa duk taɓo, amma da an idar da sallar isha'i sai in ruga da galan wajen mai bumburutu. Kafin in dawo tsakar gida ta cika: matan maƙwabta da goyonsu, almajiran zaure a bakin ƙofa, hayaƙin maganin sauro na tashi, don sauron bakin kogi ba ya jin kunyar baƙo.

Kallon namu ba na shiru ba ne. Idan Adama ta fara zazzaga wa Kamaye masifa a kan kuɗi, sai Iya ta nuna akwatin da tsinken sakace: "Allah wadaran halinki! Bawan Allah yana ta haƙuri da ke." Wata maƙwabciyarmu kuma sai ta tare wa Adama faɗa, ta ce ai haƙuri ba ya ɗora tukunya, mijin ya tashi ya nemo. Daga nan gardama ta ɓarke, a manta da shirin, sai an dawo daga talla ake tambayar yara abin da ya wuce. 'Yan mata kuwa zuciyarsu na wajen Nazir da Alawiyya. Akwai wadda ta bar tuwonta ya huce a daren da aka shiga tsakaninsu.

Ni a lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina ji da boko. Wani dare da tsinuwar ta yi yawa sai na ce, "Iya, wasa ne fa. Sunanta ma ba Adama ba ne, Zahra'u Saleh ce, biyan ta ake yi."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Kai yaro, ka ga na yi kama da wadda ba ta san wasa ba? Ina jin Samanja a rediyon Kaduna tun ubanka na yawo ba wando. Matar wasa take yi, halin kuwa ba wasa ba ne. Gobe ka shiga kasuwar kifi, in ba ka ga Adama uku ba ka dawo ka ƙaryata ni."

Aka bushe da dariya, na sunkuyar da kai. Daga ranar na fara lura da ita, sai na gane Iya tana da ma'auninta. Idan ɗan wasa ya fito yana kukan da bai kai zuci ba, ba ta tanka masa. Abin da take cewa kawai, "Wannan albasa ya yanka," ta koma kan goronta. Wanda ya iya abinsa shi ke tayar da ita tsaye, shi take zagi, shi take tambaya idan bai fito ba. Makon da Adama ba ta bayyana ba, da wuri Iya ke naɗe tabarma, ta ce shirin yau lami ne, ba gishiri. Ashe tsinuwar nan ita ce lambar yabon da take da ita. A 2016, da na gaya mata an ba shirin kyauta a Legas, cewa ta yi su sun makara.

Shekaru suka ja. Shirin Kwana Casa'in ya zo a 2019, maza a majalisa suka koma lissafin wane ɗan siyasa ne Bawa Maikada. A damunar 2020, da kogi ya cika ya tasam ma gari, mun kwana muna cika buhuna da ƙasa muna ɗora wa jinga. Cikin wannan fargabar, ruwa iya gwiwa, na ji samari biyu na musu a kan shirin Labarina na Aminu Saira: shin Mahmud ya fi cancanta da Sumayya ko Presido? Ban san lokacin da na ajiye buhuna na shiga musun ba.

Iya ba ta ga ƙarshen wannan labari ba, Allah Ya jiƙanta. Bayan rasuwarta Nafisat Abdullahi ta bar shirin, aka kawo Fati Washa ta zama Sumayya. Na yi fushi kamar an sauya mini 'yar uwa. Mako uku na ƙi kallo, ina ta mita a gida cewa wannan ba Sumayyarmu ba ce, ko kallonta daban ne.

Ƙanwata na tsince shinkafa a faifai, a daidai inda Iya ke shimfiɗa tabarma. Ta bari na gama, sannan ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wasa ne fa."