Likitan Garinmu

A shekarar 1984 aka fara aiko mana da likita a garinmu. Saurayi ne ɗan Kudu, mai bautar ƙasa, ba ya jin Hausa ko "zo in kashe ka", saboda haka ni na zama tafintansa. Kafin zuwansa malamin asibiti kaɗai gare mu. In ciwo ya fi ƙarfinsa sai a nemi mota a kai mutum birni, tafiyar mil 40.

A hannun wannan likita ƙanwata ta sauka, bayan ta kwana biyu tana naƙuda, ni ina bakin ƙofa ina miƙa fitila. Shekara na cika ya ɗaure kayansa ya tafi, ba a kuwa aiko wani ba. Da ciki na biyu ya zo mata da gardama, a hanyar birni ta cika.

Kada mai karatu ya ce Gwamnati ba ta yi kome ba. An fara koyar da aikin likita a kwalejin Ibadan a 1948, a jami'ar Zariya kuma a 1967. A 1973 Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa, watau dokar da ta kawo mana wancan saurayi. Amma horar da likita daban, zaunar da shi a ƙauye daban. Da yawansu suna Legas da Abuja da Kano, waɗansu ma sun haye Ingila da Saudiyya. Har a 2023 aka kawo shawara a Majalisar Wakilai a tilasta wa sabon likita aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Ni dai ban ga amfanin tilas ba, domin na ga ɗakin da aka sauke namu likitan. Rufin yana yoyo, ruwan sha sai an yi awo da ɗan garuwa, maganin da ya rubuta kuma babu shi a kanti.

Yaron nan da aka haifa a hasken fitila ni na riƙe shi. Ya yi karatu, ya zama likita, yanzu yana aiki a Saudiyya. Da ya zo gida da salla na ce masa, "Ashe ba ka dawowa ka taimaki garin uwarka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, in na dawo, a wace makaranta zan sa yarana?"

Na rasa abin da zan ce masa, sai na tura masa ƙwaryar fura.