Ragon Barbara a Zafin Bazara: Tafiya Zuwa Jahun

Ta Wudil da Gaya muka bi daga Kano, a tsakiyar Afrilu, iskar da ke shigowa ta tagar mota ma ƙuna take yi. Azahar ta riske mu a Jahun. Mutanen nesa sun fi sanin garin da babban asibitinsa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aikin yoyon fitsari tun 2008. Ni kuwa tumaki ne suka kai ni. Wani kawuna da ke wajen Harbo ya daɗe yana kukan cewa tumakinsa ba sa ɗaukar ciki a farkon damina, har ya fara tunanin kai su kasuwa.

Da na isa gidansa, ko ruwa ban gama sha ba ya ja ni wajen dabbobin. Tumakin 'Yankasa ne, suna kwance gindin gawo suna tuƙa. Ragon yana can gefe, ɗaure da turke jikin katanga, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano. Baki buɗe yake haki, marainansa sun sauko har sun kusa taɓa ƙasa, kwanon ruwansa kuma ya bushe ƙayau.

"Kawu, ai ga mai matsalar nan," na ce.

Ya yi dariya. "Haba ɗana, wannan? Kullum yana bin su."

Bin tunkiya daban, ciki daban. Allah ya rataye marainan rago a wajen jiki ne don su fi jikin sanyi da 'yan digiri kaɗan, sai da haka maniyyi yake yin kyau. A bazarar Jigawa zafi yakan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa abin ya fi haka. Kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take. Ƙwayar maniyyin rago tana ɗaukar kamar mako 7 kafin ta haɗu, sannan ta ƙara wajen mako 2 tana nuna, ta bijimi ma ta ɗan fi daɗewa. Ragon da rana ta gasa a Afrilu da Mayu, sai a Yuni da Yuli ake ganin sakamakon: ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, yana barbara ba fashi, amma tunkiya ta sake neman namiji bayan kwana 17. Daga nan sai a ɗora mata laifi a ce juya ce.

Masu kiwon alade a wajen Kafanchan sun fi mu shan wannan wahala, domin alade kusan ba ya gumi, namijinsa kuma da wuri zafi yake lalata masa iri. Namu dabbobin sun fi juriya, musamman Uda da Balami na ƙasar Sahel. Juriyar dai tana da iyaka idan aka haɗa wa dabba zafi da yunwa, ga harawa ta yi tsada a ƙarshen rani.

Da la'asar muka gangara fadama. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa suke riƙe da ruwansa, ya ja baya ya bar ɗanyar ciyawa, kachala kuma ta cinye wasu hanyoyin ruwan. Fulani sun sauka da fararen shanunsu. Bijimin garken yana tsaye a ruwa har gwiwa, ba mai kora shi. Wani dattijo a cikin Fulanin ya ce su tun asuba suke sakin dabbobi, rana na take tsaka a nemi inuwa. Bai taɓa zuwa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ba, inda ake auna irin waɗannan abubuwa da na'ura, amma tsarinsa daidai yake.

Akwai wani abin da ya fi damuna. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara ko farkon damina. Raguna masu ƙira duk a loda su zuwa Gujungu da Maigatari, a bar wa garke ƙanana da ramammu, daidai lokacin da ake son tumaki su ɗauka.

Kafin in kama hanyar Kafin Hausa da safe, mun mayar da turken ragon gindin gawo, an cika kwano da ruwa, an ware masa dusa da 'yar kanwa. Na ce wa Kawu ya yi haƙuri wata 2 kafin ya yanke hukunci. Kai ma mai kiwo, idan tumakinka suka ƙi ɗauka a farkon damina, kafin ka sayar da su ka fara duba inda ragonka ya wuni a watan Afrilu.